Indiya Tana Auna Nauyin Matasanta, Ba Ta Tambayar Yadda Suka Kwana

Wasu shekaru da suka wuce na raka yayana jinya ƙasar Indiya, kuma da yake aikin da aka yi masa yana buƙatar a riƙa komawa asibiti duk mako, sai muka kama ɗaki a saman wani gida a wata unguwa da ke gefen birnin Delhi, muka zauna kusan wata uku. Mai gidan da iyalinsa suna hawa na ƙasa, mutanen kirki ne, kuma sau da yawa sukan kira mu cin abincin dare. Suna da 'ya mai shekara goma sha biyar wadda take aji na goma, ajin da ake rubuta babbar jarrabawa ta farko a can. Ƙarar ƙofar gidan ce ta fara sanar da ni yadda yininta yake: takan fita kafin ƙarfe bakwai na safe, ta dawo wajen biyu na rana, ta sake fita lesin da ƙarfe huɗu, ba za ta shigo ba sai bayan takwas, sannan fitilar ɗakinta ba ta mutuwa sai dare ya raba. Yarinyar tana da jiki, kuma a ɗan zaman da na yi a gidan na ga jikin yana ƙaruwa.

Wani dare muna cin abinci, kakarta ta shafa wa gurasarsu ta alkama, wadda suke kira roti, man shanu har yana ɗiga, ta tura mata, tana cewa mai karatu sai da ci. Wata gwaggonta da ta zo ziyara ta dube ta ta ce "moti", wato lukuta, ta ƙara da wata magana da ta sa kowa dariya, aka fassara mini cewa tambaya take wa zai kwashi wannan idan lokacin aure ya yi. Yarinyar ma ta yi dariya tare da su, sannan ta ɗauki farantinta ta shige ɗaki. Bayan kwana biyu uwarta ta yi mini ƙorafi cewa 'yar ta zama malalaciya, ranar Lahadi wuni take tana barci, ta daina zuwa koyon rawar gargajiyar da take yi tun tana ƙarama, ba ta son zuwa biki, abu kaɗan sai kuka. Sun kai ta wajen likita, an ɗora ta a sikeli, an ba su takardar abin da za ta ci da wanda za ta bari, sun manna ta a jikin firji. Da na tambaya ko likitan ya ce wani abu game da barcin da kukan, uwar ta dube ni da mamaki, ta ce ai don ƙibar suka je.

Ni ba likita ba ne, kuma ba ni da hurumin sa wa abin da ke damun yarinyar suna. Sai dai duk abin da uwarta ta lissafa a matsayin lalaci, wato yawan barci, da fita daga sha'awar abin da a da ake so, da gudun mutane, da saurin kuka, da sauyawar cin abinci, su ne alamomin da likitocin ƙwaƙwalwa suke nema idan suna zargin ciwon damuwa. Abin da nake so in faɗa a wannan rubutu daga nan ya samo asali: Indiya ta tashi haiƙan wajen yaƙi da ƙiba a tsakanin yaranta, kuma ta yi daidai da ta tashi, amma ta ɗauki lamarin a matsayin zancen faranti da cokali kawai, alhali a jikin matashi ƙiba da damuwa sukan zo tare, kowace tana ciyar da 'yar'uwarta, kuma yaƙin da aka gina a kan kunyata mai ƙiba yana iya ƙara ciwo na biyu ba tare da ya rage na farko ba.

Girman al'amarin ya isa ya sa a tsaya a kansa. Indiya tana da matasa 'yan shekara 10 zuwa 19 kimanin miliyan 253, adadin da ya haura yawan mutanen Najeriya baki ɗaya. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2024 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2022 akwai yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 miliyan 12.5 masu ƙiba a ƙasar, maza miliyan 7.3 da mata miliyan 5.2, alhali a 1990 ba su wuce dubu ɗari huɗu ba. Binciken abinci mai gina jiki da gwamnatin ƙasar ta gudanar daga 2016 zuwa 2018 a kan yara sama da 112,000 ya gano cewa kusan kashi 5 cikin ɗari na matasa nauyinsu ya wuce kima, kuma ɗaya cikin goma na yaran da suka kai shekarun makaranta yana bakin kamuwa da ciwon suga. A ɓangaren ƙwaƙwalwa kuwa, binciken ƙasa da cibiyar NIMHANS ta birnin Bengaluru ta jagoranta a 2015 zuwa 2016 ya samu kashi 7.3 cikin ɗari na 'yan shekara 13 zuwa 17 suna fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma a manyan birane adadin ya kai kashi 13.5, kusan ninki biyu na ƙauyuka. A waɗannan manyan biranen ne kuma, a gidajen masu hali da matsakaita, ƙibar ta fi yawa.

Haɗuwar abubuwa biyu a wuri guda ba ta isa hujjar cewa ɗaya ne ya haifi ɗaya ba, kuma yawancin binciken da aka yi a makarantun Indiya irin wanda ake shiga aji ne rana ɗaya, a auna tsayi da nauyi, a raba takardar tambayoyi, a tattara a tafi. Irin wannan bincike yana nuna cewa ciwukan biyu suna zama a jiki guda, amma ba ya nuna wanda ya riga shigowa. Masu bin mutane shekara da shekaru ne suke iya amsa wannan, kuma amsarsu ita ce hanyar tana tafiya ta ɓangarorin biyu. A 2010 Floriana Luppino da abokan aikinta a ƙasar Holan sun tattara irin waɗannan bincike, suka samu cewa mai ƙiba yana da ƙarin haɗarin kamuwa da ciwon damuwa da kashi 55 cikin ɗari, mai ciwon damuwa kuma yana da ƙarin haɗarin yin ƙiba da kashi 58. A 2016 wasu masu bincike a Jami'ar Queensland ta Ostireliya suka yi irin wannan aiki a kan matasa kaɗai, suka samu kashi 40 ta ɓangaren farko da kashi 70 ta ɓangare na biyu, kuma alaƙar ta fi ƙarfi a wajen 'yan mata. Wannan lamba ta biyu ita ce ya kamata iyaye su riƙe, domin tana nufin cewa a wajen matasa da dama damuwar ce ta fara zuwa, jikin ya biyo baya, kuma sikeli ba ya nuna komai sai sawun abin da ya riga ya wuce.

Yadda hakan ke faruwa a cikin jiki ba ɓoyayyen abu ba ne. Wanda ya daɗe cikin fargaba jikinsa yakan riƙa fitar da sinadarin kotisol fiye da kima, shi kuwa wannan sinadari yana ƙara kwaɗayin zaƙi da maiƙo, yana kuma sa kitse ya taru a ciki. Rashin isasshen barci yana rikita sinadaran da ke gaya wa mutum ya ƙoshi ko yana jin yunwa. Kitsen da ya taru a tumbi kuma yana fitar da sinadaran kumburi da ke yawo a jini, waɗanda ake samunsu da yawa a jinin masu ciwon damuwa. Akwai ma nau'in ciwon damuwar da ba ya hana ci da barci kamar yadda aka saba ji, ƙara su yake yi, ta yadda mai shi zai riƙa ci yana barci kuma kullum a gajiye. A kan wannan sai a ɗora magunguna, domin wasu daga cikin waɗanda ake ba masu larurar ƙwaƙwalwa, kamar olanzapine da mirtazapine, sanannu ne wajen ƙara nauyi.

Amma binciken da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda Jessica Tyrrell da abokan aikinta na Jami'ar Exeter ta Ingila suka yi da bayanan ƙwayoyin gado na dubban ɗaruruwan mutanen Birtaniya. Akwai mutanen da suka gaji ƙiba mai tafe da ciwon suga da ciwon zuciya, akwai kuma waɗanda suka gaji irin ƙibar da ba ta cika jawo waɗannan cututtuka ba. Da a ce sinadaran jiki ne kaɗai ke haɗa ƙiba da damuwa, da rukuni na biyu sun tsira, amma sai aka tarar su ma haɗarin damuwarsu ya ƙaru. Manya aka bincika, kuma Turawa ne, duk da haka abin da sakamakon ke nunawa a fili yake: wani kaso mai yawa na ciwon yana fitowa ne daga yadda ake kallon mai ƙiba da yadda yake kallon kansa. Wani bincike da aka buga a 2003 a kan matasa kimanin 4,700 a jihar Minnesota ta Amurka ya riga ya nuna cewa waɗanda ake tsokana saboda jikinsu sun fi nuna alamun damuwa da tunanin kashe kai, ko da nauyinsu na gaskiya bai wuce kima ba, kuma abin ya fi tsanani ga wanda ake tsokana a gida da makaranta duka. Kalmar "moti" da aka jefa a kan abincin dare, a ganina, tana cikin jerin abubuwan da ke haddasa ciwon, daidai da man shanun da ke kan gurasar.

Indiya tana da nata sarƙaƙiyar da ta sa ba za a kwafo maganin wata ƙasa a liƙa mata ba. Likita Chittaranjan Yajnik na asibitin KEM da ke birnin Pune ya shafe shekaru yana nuna cewa jaririn Indiya yakan zo duniya da ƙaramin jiki da ƙarancin tsoka amma da kitse daidai gwargwado, kuma haka yake girma. A 2004 shi da wani likita Bature, John Yudkin, suka buga hotonsu tare a Lancet: a ma'aunin nauyi da tsayi da ake kira BMI dukansu 22.3 suke, amma kitsen jikin Yajnik kashi 21.2 ne cikin ɗari, na Yudkin kuwa kashi 9.1. Irin wannan bambanci ne ya sa likitocin Indiya suka sauke iyakar da ake cewa nauyi ya wuce kima zuwa 23, maimakon 25 da aka saba a Turai. Ke nan haɗarin ciwon suga ga matashin Indiya gaskiya ne, kuma yana farawa tun kafin ido ya ga ƙiba, a ƙasar da wani babban bincike na 2023 ya ƙiyasta masu ciwon sugar cikinta da miliyan 101. Duk wanda zai ce a ƙyale yara da jikinsu kada a ce musu komai bai yi wa yaran adalci ba. Tambayar ita ce wa zai yi maganar, a ina, kuma da wane harshe.

A gida guda matashin yana samun saƙo biyu masu karo da juna. Kakannin da suka ga yunwa da idonsu suna ɗaukar kumatu alamar lafiya da wadata, har ma a Turancin Indiya idan ana so a ce mutum yana da jiki cikin ladabi sai a ce lafiyayye ne, kuma ƙin karɓar ƙari a hannun uwa kusan rashin kunya ne. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, wanda ke gaya wa wanda ya yi ƙiba cewa hutu ya karɓe shi. Amma da zarar yarinya ta balaga sai ma'aunin ya juye, domin tallace-tallacen neman aure da ke cika jaridun Lahadi da shafukan intanet na ƙasar sun daɗe suna maimaita kalmomi biyu game da amaryar da ake nema, wato siririya kuma fara. Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya mun ga sauyin da idonmu, yadda jaruman mata na da suke da cikar jiki, na baya-bayan nan kuma suka koma kamar sillen kara, musamman tun daga 2008 lokacin da ramar da Kareena Kapoor ta yi ta zama abin yayi a jaridu. Sai a haɗa da larurar ƙwan mace da likitoci ke kira PCOS, wadda ta yawaita a tsakanin 'yan matan birane, tana kawo ƙiba da ƙuraje da gashin fuska da rikicewar al'ada, duk a shekarun da yarinya ta fi damuwa da madubi. Ƙa'idojin duniya na kula da wannan larura sun ce a binciki alamun damuwa ga duk wadda aka gano tana da ita, abin da ke nuna cewa a nan ma likitoci sun san ciwukan tare suke tafiya.

Babban abin da ke tsara yinin matashin Indiya ɗan matsakaicin gida shi ne jarrabawa, kuma a nan nake ganin tushen ciwukan biyu ya haɗu. A 2024 ɗalibai sama da miliyan biyu ne suka zauna jarrabawar NEET ta shiga karatun likita, suna neman guraben da ba su wuce dubu ɗari da 'yan kai ba, kuma kusan rabinsu ne kawai a kwalejojin gwamnati masu sauƙin kuɗi. Haka zancen yake ga jarrabawar shiga cibiyoyin fasaha na IIT. Wannan tsere ya haifar da garuruwan lesin, mafi shahara a cikinsu Kota a jihar Rajasthan, inda yara kan bar iyayensu su zauna a ƙananan ɗakunan haya shekara ɗaya ko biyu, wasu ma sunansu ne kawai ke rajistar makaranta, ba sa taka ajin balle filin wasa. Yaron da ke zaune sa'o'i goma sha biyu a rana, yana barcin sa'o'i biyar, yana cin abin da aka soya a bakin titi ko wanda ya yi oda ta waya, duk mako kuma ana liƙa sakamakon gwaji a bango kowa ya ga matsayinsa, ba ya buƙatar wani masani ya gaya masa dalilin da jikinsa da zuciyarsa suka yi nauyi tare. Alƙaluman hukumar tattara bayanan laifuka ta ƙasar sun nuna cewa ɗalibai sama da 13,000 ne suka kashe kansu a 2022. A watan Agusta na 2023, bayan mace-mace sun yi yawa a Kota, hukumomin gundumar suka ba da umarnin a sa wa fankokin silin na ɗakunan ɗalibai wani sifirin da zai sa fanka ta sauko idan aka rataya mata nauyi. Na daɗe ban ga matakin da ya fallasa yadda hukuma ke tunani kamar wannan ba.

Ko wanda ba ya Kota bai tsira ba. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa kusan kashi 74 cikin ɗari na 'yan shekara 11 zuwa 17 a Indiya ba sa samun motsa jikin sa'a ɗaya a rana da ake so. Annobar korona ta rufe makarantu kusan shekara biyu a wasu jihohi, karatu ya koma cikin waya, kuma tun da kamfanin sadarwa na Jio ya karya farashin data a 2016 waya ta zama filin wasan da ba a gumi a cikinsa. A Delhi kuwa duk watan Nuwamba hayaƙi kan turnuƙe gari har a hana yara wasa a waje, wani lokaci a rufe makarantun ma. Ita 'ya mace, ko iska ta yi kyau, da wuya a bar ta ta fita gudu da yamma ita kaɗai.

To me gwamnati take yi? A watan Fabrairu na 2025 Firaminista Narendra Modi ya yi amfani da shirinsa na rediyo na wata-wata, Mann Ki Baat, ya roƙi kowane gida ya rage man girki da kashi goma cikin ɗari. A watan Mayu na shekarar hukumar jarrabawa ta CBSE ta umarci makarantun da ke ƙarƙashinta su kafa allunan da ke nuna yawan sukarin da ke cikin lemon kwalba da kayan ƙwalam, daga baya aka ƙara da allunan mai. Ba ni da ja a kan ilimin da ke jikin allunan. Damuwata ita ce yaron da ya fi kowa jiki a ajin, wanda duk lokacin da malami ya nuna allon idanun 'yan ajin za su juyo kansa. An gwada irin wannan tunani a wani wuri kuma an ga sakamakonsa: a wani gwaji da aka yi a makarantu 79 na jihar Kaliforniya, aika wa iyaye takardar nauyin 'ya'yansu bai rage nauyin ba, auna yara a makaranta kuma ya rage musu gamsuwa da jikinsu, ya ƙara yawan zancen ƙiba a tsakaninsu. Kunya ba ta sa matashi ya fita filin wasa, ɓoye shi take yi a ɗaki, a ɗakin kuma akwai waya da fakitin biskit.

Akwai kuma batun wanda ake ɗora wa nauyin gyara. Tun 2020 hukumar kula da ingancin abinci ta ƙasar ta haramta sayar da abinci mai yawan mai da gishiri da sukari a cikin makarantu da tazarar mita 50 daga ƙofarsu, amma duk wanda ya tsaya a ƙofar wata makaranta lokacin tashi zai ga yadda ake bin dokar. Daftarin dokar sa alama a gaban fakiti ya fito a 2022, aka shafe shekaru ana ja-in-ja da kamfanoni, alhali ƙasar Chile ta sa baƙaƙen tambarin gargaɗi a fakitin abinci tun 2016. A watan Afrilu na 2023 wani matashi mai suna Revant Himatsingka ya yi ɗan bidiyo yana karanta yawan sukarin da ke rubuce a jikin Bournvita, kamfanin ya aika masa takardar lauya har ya cire bidiyon, amma kafin shekarar ta ƙare aka rage sukarin da kusan kashi 15 cikin ɗari. Abin da bidiyo ɗaya ya yi cikin watanni, doka za ta iya yin fiye da shi. Matuƙar dai ana barin mai talla ya yi yadda ya ga dama, sannan a tsayar da yarinya 'yar shekara goma sha biyar a gaban allo ana yi mata wa'azin kamewa, to an bar jaki ne ana dukan taiki.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujjoji biyu da ba zan raina ba. Ta farko ita ce binciken nan na 2016 zuwa 2018 da ya samu kashi 5 masu nauyin da ya wuce kima ya samu kashi 24 na matasa a rame, ga ƙarancin jini da ya yi katutu a tsakanin 'yan mata, saboda haka zancen ƙiba da damuwa kamar kukan 'ya'yan masu kuɗi ne. Amsata ita ce ƙibar tana gangarowa zuwa gidajen talakawa da sauri, domin fakitin soyayyen dankali na rupi biyar ya fi ayaba sauƙin samu a unguwannin marasa hali, kuma rabon hatsi na gwamnati ga mutum miliyan 800 shinkafa ce da alkama, a ƙasar da ta san gero da dawa da tamba tun kaka da kakanni, har ita ce ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe musu shekarar 2023. Sannan ramammen yaro ma ana tsokanarsa, shi ma yana rubuta jarrabawar, saboda haka tambayar yadda ya kwana ta shafe shi.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, wato rashin ma'aikata. Likitocin ƙwaƙwalwa a Indiya ba su kai ɗaya ga kowane mutum dubu ɗari ba, yawancinsu kuma a birane suke, to wa zai saurari matasa miliyan 253? A nan Indiya da kanta ta samar da amsa, sai dai ba ta ɗauke ta da muhimmancin da ya kamata ba. Ƙungiyar Sangath ta jihar Goa, wadda Farfesa Vikram Patel yana cikin waɗanda suka kafa ta a 1996, ta gwada wani shiri mai suna SEHER a makarantun gwamnati sama da saba'in na gundumar Nalanda a jihar Bihar, ɗaya daga cikin jihohin da suka fi talauci. An ɗauki mutanen gari waɗanda ba likitoci ba, aka ba su horo, aka sa ɗaya a kowace makaranta ana kiransa mitra, wato aboki, yana sauraron ɗalibai, yana kula da akwatin da suke jefa kokensu a asirce, yana aiki da hukumar makaranta a kan cin zali. Sakamakon da Lancet ta buga a 2018 ya nuna alamun damuwa da cin zali sun ragu sosai a waɗannan makarantu. A makarantun da aka ɗora wa wani malami wannan aiki a kan koyarwarsa kuwa, ba a ga wani sauyi ba. Ban yi mamaki ba, domin ba a kai kukan zuci wajen mai riƙe da jan biro.

Kayan aikin ma akwai su a ƙasa. Tun 2014 akwai shirin lafiyar matasa na ƙasa mai ɗakunan shan magani na musamman ga matasa, a watan Oktoba na 2022 an buɗe layin waya kyauta na Tele-MANAS mai lamba 14416 don masu neman shawara a kan lafiyar ƙwaƙwalwa, a watan Janairu na 2024 ma'aikatar ilimi ta ce kada cibiyoyin lesin su ɗauki yaron da bai kai shekara 16 ba, a watan Yuli na 2025 kuma Kotun Ƙoli ta ba da umarnin cewa duk makarantar da ke da ɗalibai ɗari ko fiye ta ɗauki mai ba da shawara ƙwararre. Abin da ya rage shi ne waɗannan abubuwa suna ofis ɗaya, sikeli yana wani ofishin. Akwai takardar tambayoyi tara da likitoci ke amfani da ita wajen gano alamun damuwa, tana tambaya game da barci, da ci, da gajiya, da jin cewa mutum ba shi da amfani, kuma cike ta ba ya cin minti biyar. Ina ganin ya kamata ya zama ƙa'ida cewa duk likitan yara ko mai ba da shawarar abinci da aka kawo masa matashi saboda ƙiba ya yi waɗannan tambayoyi, kuma ya yi su bayan ya roƙi iyayen su ɗan jira a waje, haka nan duk likitan ƙwaƙwalwar da zai rubuta wa matashi magani ya auna nauyinsa da ƙugunsa tun ranar farko. Auna yara a makaranta kuma, idan ya zama dole, a yi shi bayan labule, kada a kira lambar da ƙarfi.

Gaggawar ta ƙaru saboda abin da ya shigo kasuwa. A 2025 allurar rage ƙiba ta Mounjaro ta shiga Indiya a watan Maris, Wegovy ta biyo ta a watan Yuni, kuma wa'adin haƙƙin mallakar sinadarin semaglutide, wanda ake yin Wegovy da shi, iyakarsa a ƙasar watan Maris na 2026 ne, a ƙasar da kamfanonin magungunanta suka ƙware wajen yin samfuri mai araha, kuma ake iya sayen magunguna da yawa a kemis ba tare da takardar likita ba. Waɗannan allurai suna da amfani na gaske ga wanda ya cancanta, har Amurka ta amince a ba 'yan shekara 12 zuwa sama Wegovy tun ƙarshen 2022, ƙarƙashin kulawar likita. Amma ina hango gidan da ake shirin aurar da yarinya nan da shekara uku, ga gwaggo tana ƙorafi, ga allura ta yi araha a kemis ɗin bakin layi. Nauyin zai sauka, kowa zai yaba, kuma alama ɗaya tilo da ta sa aka taɓa kai yarinyar gaban likita za ta ɓace, ba tare da an tambaye ta me ya sa ta daina rawa ba.

Ranar da za mu bar gidan na sauka in yi sallama, na tarar an ƙara wa takardar jikin firjin wani layi da biro, an rubuta nauyin da ake so ta kai kafin bikin wani ɗan'uwansu a watan Disamba. Yarinyar ba ta nan, ta tafi lesin.